Yunwar da na sha a Iskandariyya

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a layin tasi tambaya, Alhaji Ɗanlami har gida ya biyo ni Levenshulme, unguwarmu ta nan Manchester, wai sannu da zuwa ya zo yi, alhali idonsa na kan akwatina. Na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, ni bokona a firamare ya tsaya.

Da farko ku cire a ranku cewa shaƙatawa na je. Direban tasi mai ciwon baya ba ya zuwa holiday. Aikena aka yi.

Kun san ƙanena Kabiru, likitan nan da ke zaune a Erdington, can Birmingham. 'Yarsa ta fari, Hafsa, ta gama uni ta fara aiki, sai ta kawo yaro ta ce shi take so. Sunansa Mustafa, injiniya ne, Balaraben Masar, iyayensa suna Iskandariyya a bakin teku. Na ga yaron, a ido ba shi da laifi. Har durƙuso Hafsa ta koya masa, yana yi kamar mai neman makullin da ya faɗi. Amma ba yaro kaɗai ake aura ba, har da gidansu. Shi kuwa Kabiru, duk bokon nan nasa, ko sunan Hafsa bai taɓa kamawa ba, "yarinyar nan" yake cewa, balle ya zauna ya yi maganar aurenta. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kai ne waliyyinta. Ka je ka ga gidan da yaron ya fito. In ka dawo ka ce e, shi ke nan. In ka ce a'a, ba za a sake tada maganar a gidana ba."

Ni ma ina da abin da ke damuna. Na ɗauki Larabawa a mota iri-iri, na kirki da na banza, na kuma ji abin da na banzan ke kiran baƙar fata in sun zaci ba ka ganewa. Ba zan kai 'yar ɗan'uwana inda za a riƙa kallonta a wulaƙance ba.

Da zan fito Hafsa ta raka ni bakin mota. Ta ce, "Baffa, please, kar ka je musu da fuskar nan taka ta wanda aka manna wa parking ticket."

Na ce, "Ba fara'a aka aike ni ba, bincike aka aike ni."

Shirina irin na gida ne. In sauka ba wanda ya sani, in nemi unguwarsu, in tambayi mai shago, in tambayi liman, in tambayi maƙwabta. Sannan na yi wa kaina doka guda: ba zan sa abincinsu a bakina ba sai na gama. Kun san dalili. Mutumin da ka ci tuwon gidansa, in ka ga aibinsa harshenka nauyi yake yi. Kuma wane babba ne zai je gidan masu neman 'yarsa ya zauna yana lasar yatsa? Saboda haka matata ta haɗa min dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki daga shagon nan na Stockport Road, ta cusa a ƙasan akwati.

Daga Manchester jirgi ya sauke mu Alƙahira. Na bi dogon layi har na kai gaban jami'i, sai ya ce ina biza. Ashe wata 'yar takarda ce ake saya a tagar banki can baya, ka zo a manna maka. Na koma, na sake bin layi daga wutsiya. Da na sake isowa ya kalli fasfona na Ingila, ya kalle ni, ya ce ina aka haife ni. Na ce Kano. Fuskarsa ta washe, ya ce Nijeriya, ƙwallo! Ya shiga jero min sunayen 'yan wasa. Ni ban san ko ɗaya ba, ina ta gyaɗa kai har ya buga hatimi.

Tasin da ta kai ni tashar jirgin ƙasa kuwa, ni da nake taƙama da tuƙi, salati na yi ta yi. Ba mai duba madubi, da hon ake magana. Layin da aka zana a titi ado ne kawai. Direban yana shan sigari, yana waya, yana juyowa yana min hira da Larabci. A jirgin ƙasa ne numfashina ya dawo. Gonaki kore shar har iya ganinka, ga gidajen bulo da rodi a tsaye a samansu ana jiran ranar ƙara bene, sak irin namu.

Ina saukowa a tashar Iskandariyya na hango wani gajeren dattijo mai tumbi da farin gashin baki, ya ɗaga kwali an rubuta BAFFA HAMISU. Na ce a raina Hafsa ta gama da ni. Ita ta faɗa wa Mustafa, shi ya faɗa wa gida. Kafin in ankara dattijon ya rungume ni ya sumbace ni kunci biyu. Tun da uwata ta haife ni namiji bai taɓa min haka ba. Shi ne Haj Mahmud, uban Mustafa, tsohon direban tram, jirgin nan mai bin titin cikin gari, ya yi ritaya. Tare da shi akwai 'yarsa Nadiya, malamar makaranta ce mai koyar da Turanci, ita ta zama bakinmu. Da ta faɗa masa ni ma direba ne sai ya buga ƙirjina ya ce "Usta!" Wai haka suke kiran direban da ya goge. Har na baro garin bai sake kirana da wani suna ba.

Nadiya ta ce an gyara min ɗaki a gida, mamanta ta yi girki tun safe. Na ce na riga na kama otal, kuma na ƙoshi. Haj Mahmud ya roƙa, ya sake roƙa, ya kama gemuna. Na shafa ciki na ce alhamdulillahi. Suka kalli juna, suka kai ni otal.

Otal ɗin tsohon gini ne, lif ɗinsa keji ne na ƙarfe da kake ja da hannu ka rufe, yana hawa yana kuka. Amma da na buɗe tagar ɗakina sai ga teku a gabana, shuɗi, ba iyaka, garin ya lanƙwashe ya kewaye shi kamar lauje. Na daɗe a tsaye. Sannan na jiƙa garin kwaki a kofin wanke baki na sha.

Washegari suka zo da sassafe, wai sai na ga garinsu. Ni gidansu nake son gani, amma baƙo ba ya musu. Suka fara kai ni wajen wani ginshiƙi da ke tsaye shi kaɗai a kan tudu. Jama'a, dutse ɗaya ne, ja, ba haɗi, an goge shi sumul. Sai da hulata ta faɗi wajen neman ƙarshensa. Mu shida in mun kama hannu ban ce za mu zagaye shi ba. Nadiya ta ce daga can kudancin ƙasar aka sassaƙo shi aka biyo da shi ta kogi, tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa. Na ce da wane kuren aka ɗaga shi? Ta ce ba kuren, mutane ne da igiya. Na tuna ranar da mu huɗu muka kasa hawa da firij ɗin Alhaji Ɗanlami bene ɗaya. 

Daga nan sai gidan tarihi, wani farin gida na wani attajirin da. A ƙasansa, ɗaki mai duhu, na ga gawar mutum an naɗe ta da ƙyalle, dubban shekaru tana kwance. Na yi ta'awwuzi na matsa. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne gumakan da aka tsamo daga cikin teku. Wai wani yanki na tsohon garin ruwa ya cinye shi, da fadojinsa da titunansa, yana nan a ƙasan inda masunta ke jefa koma. Akwai wani na baƙin dutse, an sassaƙa masa riga har da lanƙwasar yadi, kai ka ce iska za ta kaɗa ta. Na kai hannu, mai gadi ya yi gyaran murya. Ni ban yarda da gunki ba, kun sani. Amma hannun da ya yi wannan aikin, Allah ne Ya ba shi.

Muna fitowa Haj Mahmud ya tsaya wajen mai soya hanta, ya sa aka cika burodi da ita, da barkono da lemon tsami, ya miƙo min. Ƙamshin ya cika min hanci. Na shafa ciki na ce alhamdulillahi. Ya riƙe burodin a hannu har ya huce, shi ma bai ci ba.

To ni a lokacin ga yadda na fassara abin. Na ce mutanen nan suna yawo da ni fada-fada ne don kar in ga gidansu, akwai abin da suke ɓoyewa. Saboda haka wata safiya bayan asuba na sulale, na nuna wa mai tasi sunan unguwar a waya. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi kusa da inda ake ƙera kwale-kwale, lunguna matsattsu, shanya a kowace baranda. Na samu wani mai shago, na sa waya ta fassara min: ka san Haj Mahmud direban tram, wane irin mutum ne? Mutumin ya karanta, ya kalle ni sama da ƙasa, ya fito tsakiyar titi, ya ɗaga kai ya kwarara ihu, "Ya Haj Mahmuuud!" Tagogi suka fara buɗewa. Mata suka leƙo. Wani ya tafa. Ashe unguwar kaf an san baffan amarya ya zo daga Ingila. A gida in ka je bincike mai shago murya yake ragewa ya ja ka bayan kanta. A nan shela ake yi.

Ina tsaye kamar ɓarawon da aka kama, sai ga kwando yana saukowa da igiya daga hawa na uku. Haka suke sayayya, mace ta zuro kwando, mai shago ya sa mata kaya ta ja. Wannan kuwa ni aka zuro wa: shayi a kofin gilashi, burodi mai zafi, da wake da mai. Na ɗaga kai na ga wata dattijuwa da farin mayafi tana min alama da hannu, ci, ci. Uwar Mustafa ce. Na dafa ƙirji na sunkuya na gode mata, na ce na ƙoshi. Kwandon ya daɗe yana lilo a gabana kafin ta ja shi sama a hankali.

Ran nan fadar kayan ado suka kai ni, gidan wata gimbiya da aka mayar gidan tarihi. A ƙofa aka ba mu wata leda muka sa a kan takalma don kar mu ɓata daɓe. Ban ga laifinsu ba, daɓen ya fi gadona kyau. Tagogi na gilashi mai launi, rana ta ratso ta zuba ja da kore a jikin rigata. Rufin sama duk zane. Ga kambun sarauniya, duwatsun jikinsa suna walƙiya har ido ya yi ruwa. Ga kofunan gahawa na zinariya. Ga kacau-kacau na jariri, shi ma da lu'ulu'u, abin da yaro zai tauna ya jefar. Sai banɗaki. Wallahi banɗakin ya fi falona na Levenshulme girma, bango duk tayil mai hoton furanni da tsuntsaye. Na ce wa Nadiya, "A nan mutum zai shiga ya yi abin da kowa ke yi?" Ta fassara wa babanta, ya yi dariya har da tari. Na tambaya ina masu gidan. Ta ce mulki ya ƙare, an watse, wasu a ƙasar waje suka mutu. Na sake kallon kacau-kacau ɗin. 

Ranar Alhamis na yi dabara, na ɗauki azumin nafila don in samu hujja ta gaskiya. Ita ce ranar da suka kai ni Muntaza, lambun sarakunansu na ƙarshe. Dabino da wasu dogayen itatuwa har bakin ruwa, ga fada ja da fari da hasumiya doguwa kamar ta taɓa gajimare. Ba a shiga, daga bayan shinge ake kallo, amma ko daga nan ta isa. Wurin da dā talaka ko leƙe bai isa ya yi ba, yanzu iyalai ne baje a kan ciyawa da tukwanensu. Da na ce ina azumi sai fuskar Haj Mahmud ta haskaka, ya ɗauko waya ya kira gida yana magana da sauri. Nadiya ta ce, "Baba ya ce alhamdulillahi, yau a gidanmu za ka sha ruwa." Na ga na haƙa wa kaina rami.

Muna tsaye a kan wata gada da ta shiga cikin teku, dattijon ya matsa gaba, sai na ce bari in yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Nadiya, ni ba na kwana-kwana. 'Yata baƙa ce kamar ni. A gidanku za a raina ta?"

Na zaci za ta ce haba, duk Musulmi ɗaya ne, irin abin da ake faɗa wa baƙo. Amma ina! Ta ce, "Ammu," wato baffa da yarensu, "a titi za ta ji magana, ba zan yi maka ƙarya ba. A danginmu ma an yi. Ƙanwar babana da ta ga hotonta ta faɗi abin da ba zan maimaita ba. Mama ta ɗauko mata jakarta ta miƙa mata, ta ce kar ta sake hawo benen nan sai ta wanke bakinta. Tun kafin azumin bara ke nan, har yau ba ta dawo ba."

Na ce, "Shi Haj ɗin me ya ce? Ai ƙanwarsa ce."

Ta ce, "Shi ya buɗe mata ƙofa."

Wannan amsar ta shige ni fiye da duk wata rantsuwa. Amma dokata tana nan, ban ga cikin gida ba, ban gama ba. Da magariba ta kusa na ce bayana ya motsa, na gudu otal na sha ruwa da ƙuli-ƙuli.

Da safe Haj Mahmud ya zo ba fara'a. Bai sumbace ni ba, hannu kawai ya ba ni. Suka kai ni wani wuri da sunansa ke nufin tudun tsingaro. Daga sama ba ka ganin komai sai fili. Wai jaki ne ya rufta rami da kayansa, aka leƙa aka ga gari guda na matattu a ƙarƙashin ƙasa. Matakala ce take murɗawa tana kewaya wata rijiya, ta cikin rijiyar ake zura gawa da igiya. Muna sauka sanyi na ƙaruwa, hayaniyar gari ta ɗauke ɗif. Duk a cikin dutse aka fafe, ɗakuna, ginshiƙai, macizai a bakin ƙofa, ramukan gawa jere kamar kantar shago. Ba siminti, ba bulo. Mutane sun zauna da guduma da kurfi sun ci cikin dutse don matattunsu su samu wurin kwanciya. Na ce subhanallahi.

Sai muka shiga wani ɗaki mai faɗi da dakali uku na dutse. Nadiya ta ce nan dangi ke zama in sun zo ziyara, su ci abinci kusa da mamacinsu, in sun fita su fasa kwanukan don ba sa son komawa gida da su. Tsingaron ne ya taru ya zama tudu. Haj Mahmud ya zauna a bakin dakali ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ba ya kallona.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ƙi faɗa. Na matsa mata. Ta ce, "Ya ce ko matattu an zauna an ci abinci da su."

Kafin in yi magana idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ammu, in ka ƙi mu ne ka faɗa mana kawai. Tun ranar da ka zo Mama take girki, kullum maƙwabta ake rabawa. Jiya ta dafa abin da ko a bikin yayata ba ta dafa ba, muka zauna muna jiranka har ya huce. A wurinmu wanda ya ƙi burodinka kai ya ƙi. Unguwa duk an ce baffan amarya yana ƙyamarmu. Baba kullum yana cewa bari mu kai shi wuri mafi kyau, wataƙila ya ga mu ma muna da asali. Mustafa ya kira ya ce a daina wahalar da kai, ya gane. Hafsa ma ya faɗa mata."

 Wato ina nan ina taƙama da mutunci, aure yana mutuwa a Birmingham ban sani ba. Na zauna a ɗaya dakalin. Na ce ta fassara kalma-kalma, kar ta gyara. Na ce a garinmu wanda aka aika binciken aure ba ya cin abincin gidan, don kar kunya ta hana shi faɗin gaskiya in ya koma. Na ce ba ƙyama ba ce, nauyin yarinyar ne a wuyana. Na ce yunwa kuwa, tun da na zo gari nake jiƙawa a kofin wanke baki, wandona har ya fara zamewa.

Haj Mahmud ya saurara har ƙarshe. Ya dube ni, ya dubi wandon. Sai dariya ta ƙwace masa, ta cika kabarin nan tana dawowa, har wasu Turawa suka leƙo. Da ya lafa ya share ido ya yi magana mai tsawo. Nadiya ta ce, "Ya ce, Usta, kai ka zo ka auna mu, mu ma aunaka muke yi, don gidan da ɗanmu zai shiga ne. Ya ce ka ci. In ka ci ka ga ba mu dace ba, ka faɗa masa a fuskarsa, ba zai riƙe ka ba. Burodinsu ba ya hana a'a, ƙarya kawai yake hanawa."

Na ce to.

Ya kira gida tun muna matakala. Ina jin muryar matar ta cikin waya kamar ana rabon gado. Ya ce girki zai ɗau lokaci, kafin nan akwai wuri ɗaya da ya rage, wanda ya fi so duk garin.

Ganuwar Ƙaitbai ke nan, wadda nake hangowa daga tagar otal kamar ɗan akwati a ƙarshen gari. Da muka matso sai ta tashi a gabanmu, fara sol, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku yana dukanta. Kaurin bangon ya kai tsawon motata. A saman ƙofa akwai rami da ake zubo wa maƙiyi tafasasshen mai. Wai a daidai nan dā akwai hasumiyar fitila da ba irinta a duniya, tana nuna wa jirage hanya, girgizar ƙasa ta kayar da ita, aka kwashi duwatsunta aka sa a wannan ginin. Haj Mahmud ya nuna min su, manya, jajaye, a cikin farin bango. Muka hau har sama, ni da bayana, shi da tumbinsa, muna hutawa muna yi wa juna dariya. A can sama iska ta kusa tafiya da hulata. Gari gaba ɗaya ya baje a bayanmu, hasumiyoyin masallatai, kwale-kwale shuɗi da kore, a gabanmu kuwa ruwa kawai. Na yi shekaru ina kallon bayan motar wani a Stockport Road, na manta duniya tana da faɗi haka. Haj Mahmud ya nuna wani layi can cikin gari, ya kama sitiyarin da babu, ya yi ƙarar ƙararrawa da baki. Hanyarsa ke nan ta shekara da shekaru. Ni ma na kama nawa na yi hon. Ba mu nemi Nadiya ba.

Bayan la'asar muka hau benensu. Gida ne ƙarami, ɗaki biyu da falo, tsaf. A jikin bango, tsakanin hoton Ka'aba da na auren yayar Nadiya, ga hoton Hafsa da rigar gama uni. Na duba da kyau, firam ɗin ya yi ƙura a sama, ba jiya aka rataya shi don ni ba.

Muna zaune sai na ji wata irin shessheƙa daga kicin, kamar an soki mutum. Na miƙe tsaye. Suka fashe da dariya. Wai al'ada ce, in mace za ta juye soyayyar tafarnuwa a miya sai ta ja numfashi da ƙarfi, in ba haka ba miyar ba ta daɗi. Aka kawo miyar, koriya, tana yauƙi. Na sa cokali na ɗaga. Jama'a, lalo ce. Lalon da muke tsinka a bayan gida, ita ce abin alfaharinsu. Ga shinkafa ja da aka dafa da albasa, ga kifi gasasshe kusan tsawon hannuna, ga zoɓo mai sanyi. Na ajiye cokali na wanke hannu. Uwar Mustafa ta ja kujera ta zauna daf da ni, ba ta ci, ido kawai ta zuba min. Duk loma ɗaya sai ta ƙara biyu. Na shafa ciki na ce alhamdulillahi, wannan karon da gaske, ta ture hannuna ta ƙara kifi. Na ce wa Nadiya ta faɗa mata miyar ta yi, saura tuwo. Dattijuwar ta ce in Hafsa ta zo za ta koyi tuwon a wurinta. Sannan ta fita baranda ta sanar wa unguwa cewa na ci.

Ban ba su amsa a can ba, don ba su suka aike ni ba. Haj Mahmud ma bai tambaya ba. A tasha ya sake sumbatata, na bar shi.

Daga filin jirgi ko gida ban tsaya ba, na ɗau mota na miƙa Erdington. Kabiru ya tare ni a falo. Ya tambayi hanya, ya tambayi bayana, ya tambayi ko akwai cunkoso a titin M6, ya koma kan maganar ruwan sama. Komai ya tambaya ban da abin da ya aike ni. Ƙofar kicin a ɗan buɗe take, ina ganin inuwar mutum biyu, Hafsa da uwarta, ko motsi ba sa yi.

Na bar shi ya gama kewaye-kewayensa. Na shanye shayina. Na ce, "Kabiru."

Ya ce, "Na'am, Yaya."

Na ce, "Ka faɗa wa yaron nan su turo."

 Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Sai ya miƙe ya ce bari ya duba boiler, tukunyar ɗumama gida, kamar yana jin tana ƙara. Boiler lafiyarta ƙalau. Yana fita uwar Hafsa ta rangaɗa guɗa a kicin, irin wadda ban ji ba tun da na baro Kano, har karen maƙwabcinsu Bature ya kama haushi.